Daga "Malam" Zuwa "Ranka Ya Daɗe"

Minti ashirin da biyar na yi a tsaye a tsakiyar ɗakin baje kolin motocin nan kafin wani ya ce mini ci kanka. Na san adadin ne saboda akwai ƙaton agogo a bangon da ke bayan kanta, ni kuma ba ni da abin kallo sai shi da motocin da aka kulle ƙofofinsu. Ma'aikata huɗu na ƙirga, kowa cikin kwat, kowa ya duƙufa a kan waya ko kwamfuta. Ba wai ba su gan ni ba ne. Tun ina neman wurin ajiye mota a waje na hango biyu daga cikinsu ta gilashi, sun ɗaga kai, sun dubi abin da na zo a ciki, sun mayar da kai.

Abin da na zo a ciki kuwa tsohuwar motata ce mai shekara goma sha ɗaya, fentin samanta ya koɗe, madubin gefe ɗaya an liƙe shi da gam. Sana'ata gine-gine ce, daga wurin aiki na biyo, rigata da ƙurar siminti, takalmina ma haka. Ni da maiɗakina mun yi shekaru muna tara kuɗi da niyyar cewa in wannan akwalar ta gaji, sau ɗaya dai a rayuwa za mu sayi dalleliyar mota ta alfarma. Kuɗin suna nan a ajiye. Sai dai ba a rubuce suke a goshina ba.

Can dai wani matashi ya taso, hannu ɗaya a aljihu.

"Malam, lafiya? Wani ake nema?"

Na ce mota nake nema. Na nuna wadda nake so, na faɗi ƙirarta da girman injinta, don wata uku na yi ina karatu a kanta. Ya yi mini kallon sama da ƙasa, ya ce, "Wannan fa sabuwa ce." Ya nuna wata ƙofa da haɓa. "Waɗanda aka yi amfani da su suna can baya." Na ce a buɗe mini wannan ɗin in zauna a ciki, ya ce makullin yana hannun manaja, manaja kuma ya fita. Gwajin tuƙi fa? Sai an sa rana tukuna. Takardar farashi? Komai yana intanet. Muna cikin haka wasu mata da miji suka sauko daga wata baƙar mota mai sheƙi, sai ga makullin da manaja ya fita da shi ya ɓullo daga aljihun wani ma'aikacin. Na fice ba tare da na yi sallama ba.

A hanyar gida na rantse sai na sayi wadda ta fi waccan girma, in zo in ajiye ta a ƙofarsu in yi ta danna oda. Da na gaya wa maiɗakina, sai da ta bari na gama huci sannan ta ce, "Wato don ka baƙanta wa yaron da bai ma san sunanka ba, za ka ƙara kashe kuɗin da ba mu shirya ba?" Akanta ce. Tun da muka yi aure ban taɓa cin ta a lissafi ba, ranar ma ban gwada ba.

A wuri na biyu na sake dabara. Na aika saƙo tun kwana uku kafin in je, na faɗi motar da nake so, na ce cikin watan nan nake son saye, ina da tsohuwar mota da nake son a karɓa a rage mini kuɗi, kuma zan zo ranar kaza da ƙarfe kaza tare da iyalina. Kayan jikina kuwa da gangan na ƙi sauyawa. Rigar aikin nan dai, akwalar nan dai.

Ban ƙarasa tura ƙofa ba aka buɗe mini. Yarinyar da ke kanta ta ambaci sunana kafin in faɗa. "Yallaɓai, sannu da zuwa, ana jiranku." Aka kai mu kan wasu kujeru masu laushi, aka kawo kofi a ɗan faranti. Wanda zai kula da mu magidanci ne, zai yi shekara arba'in da wani abu, ya iya gaisuwa, ya iya dariya a inda ya dace. Kafin kofin nan ya huce ya riga ya san me nake tuƙawa, shekara nawa na yi da ita, yaushe nake son sabuwar, wa zai riƙa tuƙa ta, ko na leƙa wani wurin, da kuma ko lakadan zan biya ko ta banki. Duk cikin hira ya zaro su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tambayar lafiyar gida. Sai daga baya na lura cewa ba tambaya ɗaya da ya yi don jin daɗin baki kawai.

Da ma'aikacinsu ya tafi da tsohuwar motata don a yi mata kuɗi, sai muka samu ɗan sarari, na ba shi labarin abin da aka yi mini a wancan wurin. Na ɗauka zai zage su. Murmushi ya yi, ya ce, "Yallaɓai, ba talaka muke gudu ba, ɗan kallo muke gudu." Ya bayyana mini yadda aikin yake. Albashinsu ba wani abin kirki ba ne, kamasho ne abincinsu, kuma kowane wata akwai adadin motocin da ake son kowa ya sayar. Baƙon da ya shigo ba tare da sa rana ba, bi da bi ake karɓarsa. Idan layinka ya zo ka tashi ka tari mutum, ya cinye maka awa biyu yana shiga wannan yana fita waccan yana ɗaukar hoto, sannan ya ce zai dawo, to ka koma ƙarshen layi, mai saye na gaske kuma ya faɗa hannun abokin aikinka. Shi ya sa kowa yake auna baƙo tun daga nesa: motar da ya zo da ita, takalminsa, agogonsa, ko shi kaɗai ne ko da iyali. Ya ce kuma sau da yawa awon ƙarya yake yi, don babban mai sayensa da silifa yake zuwa.

Na fahimci maganarsa, amma fahimta daban, yafiya daban. Gaisuwa da buɗe ƙofar mota ba sa cin awa biyu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ashe ni ban canja ba tsakanin wuraren biyu. Saƙon da na aika ne ya mayar da ni daga ɗan kallo zuwa ciniki.

Gwajin tuƙi shi ne inda aka fara cin ni da yaƙi. Ya karɓi lasisina ya ɗauki hotonsa, na sa hannu a wata takarda, aka kawo motar bakin ƙofa an riga an kunna mata sanyi. Ya ce in rufe ƙofar da kaina. Na rufe, ta yi wani ɗan "dib" mai nauyi, hayaniyar titi ta ɗauke kamar an toshe mini kunne. Ƙamshin sabuwar fata ya cika ciki. Ya danna wani maɓalli, kujera ta matso, ta rungumi bayana, ta fara matsa mini kugu a hankali. Mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana sa matashi a bayansa in zai yi doguwar tafiya, ka yi masa haka, ai ka gama da shi. Na taka totur kaɗan, ta tafi sumul, ban ji lokacin da giya ta sauya ba. Hanyar ma shi ya zaɓa, miƙaƙƙiya ce, ba rami ba gargada, ba cunkoso.

Maiɗakina tana baya ba ta ce uffan ba sai da muka juyo. Ta tambaya, "Wannan da muke ciki, ita ce a farashin da ke intanet?" Ya dube ni ya fara ba ni amsa. Ta sake tambayar nawa ne kuɗin sabis na shekara, da nawa ne taya guda, ya sake juyowa gare ni. A karo na uku ta ce, "Malam, ni na yi tambayar." Nan take ta zama Hajiya, kuma daga nan bai ƙara kuskuren ba, wannan kam na ba shi. Amsar kuwa ita ce a'a. Motar gwaji kusan kullum cike take da duk wani ƙarin da kamfani yake sayarwa: kujerar tausa, rufin gilashi, manyan tayoyi, lasifiku na musamman, kyamarar da ke nuna mota ta kowane gefe. Wadda ke kan farashin farko ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Sai ka ɗanɗana mai daɗin sannan a nuna maka jerin, kowane layi da kuɗinsa, wasu ma ba a sayar da su ɗaiɗai sai a dunƙule, in kana son kyamara dole ka haɗa da wasu abubuwa uku da ba ka nema ba.

Irin wannan tarairayar ba haka kawai ta faɗo daga sama ba. Labarin da masu harkar suke yawan kawowa shi ne na Lexus. A 1989 kamfanin Toyota ya fito da wannan suna a Amurka da motar LS 400, don ya kara da Mercedes-Benz da BMW. Ba a yi wata nawa ba aka gano matsala a na'urar riƙe gudu da kuma fitilar birki ta baya, kamfanin ya janye dukan motocin da ya sayar, wajen dubu takwas. Maimakon a ce kowa ya kawo tasa, dillalai ne suka bi mutane gida suka ɗauko, suka gyara, suka wanke, suka cika tanki da mai, suka mayar. Abin da ya kamata ya zama abin kunya sai ya zama talla, sauran kamfanoni kuma suka ga cewa mai sayen motar alfarma ba ƙarfe kaɗai yake saye ba, har da yadda ake ji da shi. To amma duk abin da ake sayarwa akwai mai biya. Kofin nan, da tayil ɗin da kake ganin fuskarka a ciki, da yarinyar da ta haddace sunanka, duk suna cikin kuɗin motar.

Da muka zauna ciniki, tambayarsa ta farko ita ce, "Nawa za ku iya biya a wata?" Maiɗakina ta ce ba a wata muke saye ba, jimillar kuɗin muke son ji. Ta riga ta gargaɗe ni tun a gida cewa in aka mayar da magana kan biyan wata-wata, ana iya ƙara tsawon bashin a rage abin da ake biya kowane wata, kai kana murna, jimilla kuwa tana kumbura. Ta kuma dage a raba magana gida uku, kowace a gama ta kafin a shiga wata: kuɗin sabuwar mota, kuɗin tsohuwar, sannan hanyar biya. In aka cakuɗa su, sai a ƙara maka a tsohuwar a ɗebe a rangwamen sabuwar, ka tashi ba cinya ba ƙafar baya.

Ni a tunanina mai kuɗi a hannu shi ne sarki. Da alfahari na ce lakadan za mu biya. Fuskarsa ba ta nuna murna ba, har ma ya ɗan ja baya a kujera. Ashe dillali yana samun nasa kaso daga banki ko kamfanin bashi in ya kawo musu mai ciniki, don haka mai cin bashi ya fi mai lakadan riba a wurinsa. Ya yi ta kwatanta mana yadda za mu bar kuɗinmu suna juyawa a kasuwa mu riƙa biya kaɗan-kaɗan. Muka ce ba ma son kuɗin ruwa, ya bar maganar.

Sau uku ya tashi ya ce bari ya je ya roƙi manaja. Kowace tafiya minti goma ko fiye, mu kuma an bar mu muna fuskantar motar, an haska ta da fitilu. Ta gilashin ofis ina hango su, a tafiya ta biyu na tabbata ba maganarmu suke yi ba, don dariya suke yi suna kallon waya. In ya dawo sai ya zauna a gefenmu, ba a bayan tebur ba, ya rage murya, "Na yi muku faɗa sosai." Abin da ya taimake mu a gaskiya abu biyu ne. Wata ya zo ƙarshe, kuma akwai wata a ajiye a filinsu, irin wadda muke so amma ba launin da na zaɓa ba. Motar da ke tsaye a fili kuɗi take ci wa dillali kullum, don yawanci da bashi yake ɗauko ta, saboda haka ya fi sauƙin ragi a kanta fiye da wadda za a yi odarta daga masana'anta a jira watanni. Na haƙura da launi, suka sallama. Ya ce da a 2021 ko 2022 muka zo, lokacin da ƙarancin ƙananan sassan lantarki ya tsayar da ƙera motoci a duniya, ko maganar ragi ba za a saurara ba, wasu ma sama da farashin kamfani suka saya. A wasu ƙasashen kuwa wannan wasan ya fara gushewa: Tesla kai tsaye yake sayarwa a farashi ɗaya, Mercedes-Benz ma tun farkon 2023 ya koma tsayayyen farashi a Birtaniya, dillali wakili ne kawai da ake biya ladansa.

Muka ba da kafin alƙalami, muka yi musabaha, na ɗauka an gama. Sai aka ce saura ɗan cike takardu a wani ofis. A nan ne na zama "ranka ya daɗe".

Ofishin ƙarami ne, ba taga, mutumin ciki ya fi kowa taushin murya. Ya taya mu murna, ya yaba zaɓina, ya ce daga gani na san mota. Sannan ya juyo da allon kwamfuta: ƙarin garanti bayan na kamfani ya ƙare, inshorar taya da ƙafafun mota, maganin da ake shafa wa fenti don kada ya koɗe, wani na kujerun fata, kuɗin sabis na shekaru a dunƙule, na'urar bin sawun mota in an sace. Bai taɓa cewa in saya ba. Cewa yake yi, "Ranka ya daɗe, masu irin wannan motar duk suna sawa," ko kuma, "Mutum kamarka ba zai so a ga tabo a jikinta ba." Awa huɗu ke nan muna wurin, na gaji, kaina kuma ya kumbura. Kunyar in ce abu ya yi mini tsada ta kama ni, a gaban mutumin da ya gama ce mini babban mutum. Ana cikin haka aka kira maiɗakina a waya ta fita. Kafin ta dawo na amsa abu huɗu.

Ta zauna, ta jawo takardar, ta bi ta da ɗan yatsa layi-layi. Ta tambayi shekara nawa garantin kamfani yake, aka faɗa, ta ce to me ya sa za mu biya na bayansa yau? Ta soke. Ta tambayi abin da inshorar tayar ba ta ɗauka, ya karanto, jerin ya fi na abin da take ɗauka tsawo. Ta soke. Ta gano wani kuɗin "shirya mota" da ba a ambata a teburin ciniki ba, ta ce a cire ko a kira wanda muka yi ciniki da shi, aka cire. Sabis ɗin ta bar shi bayan ta yi lissafi a bayan rasit ta ga ba laifi. Maganin fenti kuwa ni na kafe, don na riga na ce "sa mini" da babbar murya, ba na son in lashe amaina. Daga baya wani mai wankin mota ya gaya mini abin da yake karɓa a kan irin wannan aikin, ban gaya wa maiɗakina ba har yau. Yaron da ya raina ni a wuri na farko ko sisina bai ci ba. Wanda ya ci ni shi ne mai ce mini ranka ya daɗe.

Ranar karɓa an yi mana biki sosai. Motar tana wani ɗaki ita kaɗai, an lulluɓe ta da ƙyalle, aka ce in ja da hannuna, aka yi mana hoto. Wasu kamfanonin har gini na musamman suke da shi don wannan, kamar BMW Welt da aka buɗe a Munich a 2007, inda mutane ke zuwa karɓar motocinsu. Ni dai ina ta washe baki, maiɗakina kuwa ta sunkuya a gilashin gaba tana gwada lambar shasi mai harafi da lamba goma sha bakwai da wadda ke takarda, ta duba kilomita nawa ke kan allo, ta zagaya jikin motar a hasken rana, ta ƙirga makulli biyu. Mutuminmu ya yi kusan awa yana koya mini maɓallai, ya haɗa mini wayata da motar, bai nuna gajiya ba.

Da za mu tafi ya raka ni gefe. Ya ce kamfani zai turo mini tambayoyi a kan yadda aka karɓe ni. "Don Allah Yallaɓai, goma bisa goma. A wurinsu tara faɗuwa ce, kuma daga kuɗina ake cirewa." A karo na farko na ga fuskarsa ba murmushin aiki. In akwai abin da bai yi mini daɗi ba, in ji shi, in gaya masa shi, kada in rubuta. Na tuna kuɗin "shirya mota", na tuna tafiye-tafiyen wurin manaja, na kuma tuna ya ambaci 'ya'yansa uku. Na ba shi goma.

Bayan wata shida na koma sabis na farko. Daga wurin aiki na biyo, da ƙurata, amma yanzu abin da na zo a ciki yana magana kafin in buɗe baki. Aka karɓi makulli, aka nuna mini kujerun nan masu laushi. Ina zaune sai na lura da wani dattijo a tsaye kusa da wata farar mota, hularsa ta tsufa, yana riƙe da wata 'yar jaka a hammata. Ya taɓa hannun ƙofar, a kulle. Ya dubi wajen kanta, ya dubi agogonsa. Na duba nawa ni ma, na fara ƙirgawa.

A minti na goma sha biyu mutumina ya fito daga ofis. Ya bi ta gefen dattijon har kafaɗarsu ta kusa gogar juna, ya nufo ni hannu a miƙe. "Ranka ya daɗe! Ya mota? Ya Hajiya?"

Na ce lafiya lau, na nuna masa dattijon, na ce ga wani can ya daɗe yana jira. Ya waiga, idonsa ya sauka kan takalmin mutumin, ya dawo.

"Ba layina ba ne, Yallaɓai. A ƙaro kofi?"

Na ce a ƙaro.